Kaguwa Uku a Tarkon Pascoe

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Kaguwa ta kama ni. Duk wanda ya tsinci littafin nan wata rana ya shaida: ba faɗa na yi ba, ba kuma giya ba ce. Kaguwa ce mai faɗin faranti ta damƙe min babban yatsan dama kamar ta san ba ni ne mai ita ba. Ɗinki huɗu. Nas ta ce yaya aka yi, na ce gaisawa muka yi ta ƙi sakin hannu.

Matar da kotu ta haɗa ni da ita bara don ta riƙa yi min nasiha, ita ce ta ba ni littafin. Ta ce, "Nev, duk lokacin da ka ji za ka yi wauta, zauna ka rubuta tukuna." Shawara mai kyau. Matsalar dai sai na gama wautar nake tuna inda na ajiye biro.

Ga yadda ta kasance. Da safe na tura kwalekwalena, mai suna Ba Ni Ba Ne, cikin rafi. Tarkunana biyar, ko kaguwar da za a ba mage babu. A hanyar dawowa sai ga fararen ƙwallaye uku, alamar tarkunan wani, suna rawa a bakin wani lungu, babu kowa sai kada ɗaya yana shan hantsi. Mu nan noman tarayya muke kiransa: wani ya shuka, kai ka girbe. Na ɗaga, kaguwa uku. Tarko na ƙarshe sabo ne ful, sai ya ba ni sha'awa. Na yanke igiyar, na ɗora shi, na cusa ƙwallon alamar a jaka don kada ya yi ta yawo da sunan mai shi. An rubuta R. PASCOE da baƙin fenti. Rod Pascoe mai motocin tonon ƙasa, mai karnuka biyu da ba su san wasa ba.

Bara irin wannan noman ne ya kai ni gaban alƙali. Wata huɗu na je-ka-gyara-halinka. In na sake kafin shekara biyu, zan yi su a ciki, kwalekwalen kuma ya zama na gwamnati. Na rubuta ne don a ga na sani.

Jakar ma ba tawa ba ce. Tawa Minista ya cinye, karen gidanmu ke nan, duk abin da ya gani nasa ne. Sai na juye littattafan Marlee a kan tebur na ari jakar makarantarta. Da na dawo jina-jina na zazzage ta a gaggauce, na mayar da littattafan, na wuce asibiti.

Lorna ta dubi kaguwar ta dube ni. "Nev, tarkon wa?"

"Ruwa na kowa ne, uwargida."

"To yatsan ma na kowa ne. Kada ka yi min kuka."

Marlee ta ce, "Wacce ta cije ka, Baba? Miƙo ta nan in rama maka." Ta fasa ƙafar da cokali ta tsotse tas. Shekararta goma sha uku, ita kaɗai gare mu, ita kaɗai kuma ke dariya tun kafin in kai ƙarshen labari.

Talata, 15 ga Oktoba, takwas da kwata na safe

Na sauke Marlee a makaranta don bas ta wuce ta. Na ga 'yar sandar da aka kawo musu.

Ni na nema. A watan Agusta aka karya wa wani yaro ɗan aji takwas muƙamuƙi a filin ƙwallo, yara talatin suna ɗauka a waya, ko mutum ɗaya bai raba ba. Aka kira taron iyaye aka ce wa ya yarda a ajiye ɗan sanda a cikin makaranta. Hannu biyu na ɗaga. Na ce ku kawo guda biyu, ku haɗa da kare. Zaure ya kwashe da dariya. Lorna ta raɗa min, "Kai da ko kakin mai gadin kanti ka hango sai ka canza hanya."

Kwanstabul Vella sunanta. Gajera ce, ba ta kai kafaɗata ba. Bindiga a ƙugu, cokalin juya nama a hannu, tana soya wa yaran da suka zo ba karin kumallo soseji a bakin ƙofa. Kowane yaro da sunansa take kiransa.

"Ina kwana, Mista Hocking. Me ya sami yatsa?"

Ban taɓa gaya mata sunana ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, tsakar rana

Ban ga wuƙar feɗe kifina ba. Na duba kwalekwale, na duba akori-kura, na duba bakin Minista. Ƙila ta faɗa rafi. Kadan rafi ya samu abin sakace.

Hadari ya haɗu tun safe, ya yi ta gurnani, ya watse. Gumi har a bayan gwiwa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, shida na yamma

Jakar tana da wani aljihu a ƙasa, mai zif, na ajiye takalmin wasanni. Ina tsakiyar kwance injin wani mutum na tuna a nan na cusa wuƙar da ƙwallon, sai sifana ta suɓuce min.

Na tarar da Marlee a ɗakinta, jakar a kan cinyarta. Da can a bakin ƙofa take jefar da ita sai an yi tuntuɓe.

"Shugaba, jakar nan ba ta yi miki nauyi ba kwanan nan?"

"Ta yi daidai."

"Ko in wanke miki ita? Tana ɗan wari."

"Ta yi daidai, Baba."

Kwalar rigarta a yage take. Na ce ke da wa, ta ce ita da ƙusa. Na ce ina amfanin 'yar sandar da na ɗaga wa hannu biyu?

"A cikin makaranta babu mai taɓa kowa yanzu. Faɗan bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yana bayan rumfar kekuna, inda kamara ba ta kaiwa. Yana tashar bas."

Gobe zan duba aljihun in ta shiga wanka.

Asabar, 19 ga Oktoba, safe

Ban duba ba. Da jakar take shiga.

Talata, 22 ga Oktoba, biyar saura na yamma

An kira daga makaranta ƙarfe ɗaya da minti goma.

Ba zan iya jera shi ba. Bayan rumfar kekuna. Wata yarinya ta yanke a dantse, ɗinki shida, ta fi ni da biyu. Ta ce faɗuwa ta yi kan wayar shinge. Yara goma sha ɗaya ne a wurin, kowannensu sama yake kallo lokacin. Aka zazzage jakunkunan dukansu a ofishin shugaban makaranta.

Sunan yarinyar Shanae. Shanae Pascoe.

Marlee tana gida har sai an zauna a kan maganarta ranar bakwai ga wata mai kamawa. Na ɗauko ta a mota. Na kunna rediyo, na kashe.

Laraba, 23 ga Oktoba, goma sha ɗaya na safe

Ofishin Kwanstabul Vella tsohon ɗakin ajiye ƙwallaye ne, har yanzu yana warin roba. An manna zanen da yara suka yi mata a bango. Ta tura min hoto a kan tebur: wuƙata da kubenta, da farin ƙwallo da guntun igiya.

"Ka san wannan?"

"Wuƙa ce, ranki ya daɗe. Ko ni da na tsaya a aji tara na gane."

Ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma ɓata rai ba, abin da ya fi ban tsoro ke nan.

"Bari in gaya maka yadda takarda za ta karanta shi, Mista Hocking. Yarinya ta zo makaranta da wuƙa mai tsawon tafin hannu biyu. Tare da ita akwai abu mai ɗauke da sunan gidan wata yarinya, an yanke masa igiya. Ran nan kuma waccan yarinyar ta ji ciwo. Takarda za ta ce shiri ne. Shiri kuwa kora ce, da suna a wurinmu, tana da shekara goma sha uku."

"Marlee ko ƙuda ba ta..."

"Akwai bambanci tsakanin yarinyar da ta ɗauko da yarinyar da aka bar wa a jaka. Amma wannan ba ni zan faɗa ba." Ta rufe fayil. "Ni ma ina kama kaguwa ranar hutu. Ƙofata a buɗe take tun bakwai da rabi."

Na ce Allah ya ba da sa'a, wata na cika sun fi ƙiba. Na fito.

Akwai abin da na gani a hoton. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, yamma

Hadari ya haɗu. Bai zubar ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bakwai na safe

Lorna na cewa, "Yaya aka yi wuƙarka ta shiga jakarta?" Na ce yara ai ba a raba su da taɓe-taɓe. Na ji kalmar tana fitowa daga bakina kamar wani ne ke magana a ɗaki na gaba.

An ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Ba a yi karin maganar uban kuka ba, don ba a zaci za a samu ba.

Lissafina ke nan, tunda babu mai gani: wata huɗu. Kwalekwalen da na yi shekara tara ina liƙa. Garejin da nake gyaran injinan jiragen ruwa ba zai jira ni ba. Ita kuwa yarinya ce, yara ana yi musu sassauci. Ƙila ma a ce jeki kawai. Ƙila ciwon Shanae da gaske shinge ne.

Na karanta abin da na rubuta. Ko Minista ba zai sa hannu a kai ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, biyar na yamma

Farar motar Pascoe ta wuce ƙofar gidanmu sau biyu, a hankali kamar mai neman lambar gida. Layinmu ba ya ɓullewa ko'ina.

Litinin, 28 ga Oktoba, tsakar rana

Shekara goma sha biyu ina da wuƙar nan ban taɓa wanke ta ba. Goge ta nake a wando in mayar kube. Lorna ta hana ta shiga kicin saboda haka.

A hoton tana ƙyalli.

Laraba, 30 ga Oktoba, takwas na safe

Na ci karo da shi a gidan mai. Ina zuba wa akori-kura, sai inuwa ta rufe ni.

"Hocking. Yaya yatsa?"

"Yana gaishe ka, Rod. Yaya yarinya?"

"An cire zare jiya. Tabon zai zauna." Ya leƙa bayan motata, babu komai sai igiyoyi. "Ka san abin mamaki? Na rasa tarko sabo ran sha uku ga wata. Sai ga alamarsa ta tafi makaranta neman ilimi."

"Ruwa yana kai abu ko'ina."

"Haka ne. Har cikin jaka mai zif." Ya dafa kafaɗata, hannunsa kamar bulo. "Ni ba na taɓa yara, ka gane? Manya nake jira."

Na ce a gaida gida. Na zuba mai har ya malalo kan takalmina.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, shida da rabi na safe

An ɗaura guntun igiya a ƙofar shingenmu. Shuɗiya, irin ta tarko. Minista bai yi haushi ba, mai amana.

Na kwance kafin Lorna ta fito.

Asabar, 2 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Lorna ta je bayan rumfa neman tsani don tsinko mangwaro kafin jemagu su gama da shi. Ta ɗaga tamfol.

Ba ta yi ihu ba. Shekara goma sha shida ina roƙon Allah ta daina ihu, yau da ta daina na gane ban san abin da nake roƙo ba. Ta jawo tarkon har tsakar gida ta ajiye a gabana.

"Kwana goma sha ɗaya kana kallon yarinyar nan ba ta cin abinci."

"Lorna, ina neman hanyar da..."

"Ka san me suke yi mata a makaranta? Tun bara, tun da sunanka ya fito. In ta wuce sai su ɗaga hannu haka." Ta haɗa yatsunta tana buɗewa tana rufewa kamar ƙafar kaguwa. "Ajin gaba ɗaya. A bas, a layin abinci. Shanae ce ke jagoranta. Ta roƙe ni kada in gaya maka, wai za ka ji kunya. Kai! Wai za ka ji kunya."

Na buɗe baki, babu abin dariya ko ɗaya a ciki.

"Ran Alhamis bakin nan naka da bai taɓa rufuwa ba zai buɗe a inda ya dace. In bai buɗe ba, kai da tarkon ku nemi wani tsakar gidan."

Lahadi, 3 ga Nuwamba, safe

Yatsa ya kumbura. Zugi yake kamar an sa masa zuciya tasa daban.

Litinin, 4 ga Nuwamba, biyar da rabi na yamma

Na same ta a gindin mangwaro tana jifan gwangwani da 'ya'yan da jemagu suka ɓata. Na zauna, na jefa, na kuskure.

"Shugaba. Maganar wuƙar nan."

"Tun ran Litinin ɗin farko na gan ta. Jakar tana warin kan kifi, kowa a aji yana toshe hanci."

"Me ya sa ba ki kawo min ba?"

Ta jefa, gwangwani ya ce ƙwal.

"Da ita a bayana na fi iya shiga bas."

Wani tsuntsu yana ta kuka iri ɗaya a kan waya, wanda ake cewa yana kiran ruwa. Sati uku ke nan yana kira.

"Marlee. Kin fito da ita?"

Ta juyo ta dube ni. Idon uwarta ne da ita.

"Ka ɗaga tarkon Pascoe?"

Na jefa wani, na sake kuskure.

"To," in ji ta. Ta ɗauki wani mangwaron.

Na ce ran Alhamis zan faɗi komai. Ta ce, "Za su kai ka ciki." Na ce an ce abincin can ya fi na uwarki. Ta ɗan murmusa, rabin baki, irin sadakar da ake ba wanda aka saba ba wa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, tsakar rana

Na haddace. "Ni na sa wuƙar, ni na yanke igiyar, ba ta sani ba." Kalma goma sha biyu, na ƙirga. Na faɗa wa madubi, na faɗa wa Minista, na faɗa wa injin wani Bagirke da ke kan teburina. Duk sun gamsu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, uku na rana

Ina cikin mota a bakin rafi. Ban iya komawa gida ba tukuna.

Ɗakin taron yana da sanyi kamar firjin kifi. Shugaban makaranta a kai, Kwanstabul Vella a gefensa da littafinta. Pascoe a can ƙarshe, ya naɗe hannu. Shanae ba ta zo ba, har yanzu shinge take cewa. Mu uku a jere, Marlee a tsakiya cikin rigar makaranta da Lorna ta goge sau biyu.

Aka karanta takarda. Sai Kwanstabul ta ce, "Kafin mu ji daga Marlee, akwai wanda ke da abin faɗa?" Ba Lorna take kallo ba.

Na gyara murya. Lorna ta taka min ƙafa. Kalma goma sha biyun suna nan a jere a bayan haƙorana, ina jin su. Na dubi bindigar da ke ƙugunta, na dubi hannun Pascoe, na tuna ƙarar ƙofar ƙarfen da na yi kwana ɗaya a bayanta bara.

Na ce, "Wannan na'urar sanyi, ranku ya daɗe, in kuna sayarwa ina so."

Babu wanda ya motsa. Ina jin na'urar tana hurawa.

"Ni na ɗauko," in ji Marlee. Muryarta ba ta rawa. "Daga kwalekwalen babana. Bai sani ba. Ƙwallon ma ni na yanke, don in ba Shanae haushi."

Pascoe ya yi wata dariya ta hanci. "Ke kika tura jirgi, kika shiga rafin kadoji ke kaɗai, kika ɗaga tarko? Sannu, jaruma. Gidanku akwai namiji ashe."

Kwanstabul Vella ta ce, "Marlee, kin fahimci abin da kike faɗa?"

"Na fahimta."

Ta rubuta. Ta daɗe tana rubutu, fiye da tsawon maganar.

Hukunci: ba za ta koma ba har ƙarshen shekara, baɗi kuma a nemi wata makarantar. Sunanta zai shiga fayil. Kowace Laraba za ta je ofishin 'yan sanda na wata uku, a koya mata illar ɗaukar makami.

A bakin ƙofa Kwanstabul ta tsayar da ni. A hankali ta yi magana, kamar mai ba da kwatancen hanya.

"An kawo ni nan ne don yara su daina jin ciwo, Mista Hocking. Ba na son in fara da wannan. Takardar ba za ta bar teburina ba sai Litinin da tsakar rana. Ko da wani zai tuna wani abu."

Lorna ta kama hannun Marlee suka hau bas.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, safe

Babu mai yi min magana. An ajiye min shayi a kan tarkon, a tsakar gida.

Juma'a, yamma

Hadari. Walƙiya ta ko'ina, ko ɗigo.

Asabar, 9 ga Nuwamba, goma na safe

Marlee ta kwashe littattafan makarantarta ta jera a kwali, ta rubuta sunan kowane darasi a jiki da kyakkyawan rubutunta. Ita ce ta biyu a lissafi. Ni a ajin nan nata na fara tsallake shinge, ban kuma koma ba sai ranar da na kai ta.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Me ya sa?"

Ba ta ɗago ba. "Na ga ba za ka iya ba."

Ba da fushi ta faɗa ba. Kamar mai cewa ruwa ya janye.

Na sha zagi a duniya. Alƙali ya kira ni abin da ya kira ni, surukina ya ƙara nasa. Duk na mayar da su labarin ba da dariya a gareji. Wannan na juya shi ta kowace fuska, ba shi da wurin kamawa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, biyar na yamma

Na wanke Ba Ni Ba Ne ciki da waje, na cire batir, na rufe shi da tamfol. In za su ɗauka, su ɗauka da tsabta. Na nuna wa Lorna inda takardun mota suke da yadda ake lallashin famfon bayan gida. Ta saurara har na gama.

Na kira mai gareji na ce ƙila in yi tafiya. Ya ce ina? Na ce wurin da ake ba da masauki da abinci kyauta. Ya ce, "Nev, me ka sake yi?" Ka ji mutane. Ko tambayar ko na yi ba a yi.

Abu ɗaya na tsayar. In Kwanstabul ta tambayi wa ya wanke wuƙar, zan ce ni na wanke. Da sabulu, ran da na dawo daga rafi, kafin in manta ta a jaka. Lorna za ta iya rantsewa ban taɓa ba, amma ba za a tambaye ta ba. Abin da ya faru bayan rumfar kekuna yara goma sha ɗaya sun ce ba su gani ba, ni kuwa ban fi su ido ba. Wanda na sani shi zan faɗa, in ɗora wannan ɗaya a kai. Littafin nan zai zauna a ƙarƙashin kujerar mota.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bakwai da minti ashirin na safe

Ina bakin makaranta, tsallaken titi. Tarkon yana baya, na ɗaure shi da shuɗiyar igiyar da aka bar min a ƙofa.

Lorna ta sa min buroshi da singileti biyu da maganin yatsa a leda, ta rataya a madubin mota. Marlee ta fito da rigar barci har bakin shinge, tana riƙe da wuyan Minista. Na sauke gilashi na jira ko za ta ce kada in je.

Ta ce, "Baba, kada ka ba Kwanstabul dariya."

Na ce ai ba ta da ita.

"Baba."

Na ce to.

Bakwai da rabi

Kwanstabul ta buɗe ƙofa. Yau ba ranar soseji ba ce, tsaye kawai take tana gaida yara. Wasu 'yan mata uku sun wuce ta gefen motata, ɗaya ta hango tarkon ta taɓa 'yar'uwarta, suka ɗaga hannu suna buɗe yatsu suna rufewa. Na ɗaga musu nawa mai bandeji. Ashe haka abin yake.

Takwas saura kwata

Kaguwa uku. Ɗaya ma ba ta da nama sosai.

Takwas saura biyar

Ta gan ni. Ba ta yafuto ni ba, ba ta kuma shiga ciki ba. An kaɗa ƙararrawa, yara sun watse, ita kaɗai ce a bakin ƙofa, ta dubi agogonta sau ɗaya.

Sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen teku. Ba zan ce komai a kai ba, ta sha yaudarata.

Matar kotu ta ce in rubuta kafin in yi wauta. Ba ta faɗi abin da ake yi kafin a yi abin kirki ba, ban taɓa tambaya ba. Ina ganin ajiye biron ake yi.

In na kai ƙarshen layin nan zan fita.

Kalma goma sha biyu ne. Marlee ta biya nata da nawa ran Alhamis, a tsaye, ba ta gyara murya ba. Saura in je in karɓi nawa laifin in sauke mata.

Layin ya ƙare.